Magajin Parsel Ɗari Bakwai da Shida

Karo na uku ke nan tun safe ordinatar Mansura, wato kwamfutarta, tana mutuwa a wuri ɗaya. Za ta danna maɓallin fitar da lis, wato jerin gonaki, wani koren zare ya fara tafiya a allo, ya wuce rabi da kaɗan, sai ya tsaya cak. Fankar ciki ta ɗauki kuka, ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa, sannan komai ya rufe kansa ba sallama. Biron nasu, wato ofishinsu, ɗaki ɗaya ne a saman shagon wani mai walda a Sabon Garin Maraɗi, kuma ranar ko ƙarar waldar ba ta shiga kunnenta.

Lis ɗin ba na wasa ba ne. Wata ƙungiyar manoman rani ta Jiratawa ce ta ba su aikin kwashe tsofaffin rajistocinta zuwa rumbun bayanai, parsel, wato gona, dubu ɗaya da ɗari uku, kowace da tarihinta: wane ya fara nomanta, wane ya gada, wa ke riƙe da ita yau. Duk bayan shekara uku ƙungiyar kan tara gonakin da masu su suka mutu ba magaji, ta rubuta lambobinsu a ƴan takardu, ta zuba a ƙwarya, masu neman gona su sa hannu su ɗauka. Dokarsu ɗaya ce, kuma tun kakanni ba ta canza ba. Takardar da aka buɗe aka karanta a gaban jama'a, bakin alƙalami ya bushe. Yau bayan la'asar za a yi ƙuri'ar, kuma a karon farko ordinatar ce za ta faɗi gonakin da za su shiga ƙwarya. Mansura ce ta gina rumbun da hannunta, wata takwas tana kansa.

Hafizu, mai biron, yana tsaye a bayanta da makullin mota a hannu. Mutum ne mai kirki matuƙar abubuwa na tafiya daidai. In suka karkace kuwa, sai ya koma duba agogo kamar agogon ne ya yi masa laifi.

"Kashe ta ki kunna," in ji shi.

"Na yi, Shef. Sau ukku."

"To kuran ne. Wanga mai walda shina ja muna wuta."

Ta cire waya ta bar ordinatar a kan batir. Ta mutu. Ta ɗauko kwafin rumbun na jiya ta ɗora, ta mutu. Ta ɗauko na makon jiya ta gwada a kan ordinatar Hafizu, sabuwa dal wadda yake ji da ita, ita ma ta yi kukanta ta bi ƴar'uwarta. Nan Hafizu ya daina ba da shawara, abin da ya kamata ya yi tun farko.

Mansura ta buɗe jurnal, wato wurin da na'urar ke rubuta abin da take yi, ta tarar da shi wayam. Abin yakan mutu kafin ya samu damar barin wasiyya. Amma ta san ruwa ba ya tsami banza. In ba kuran ba ne, ba ƙarfe ba ne, to akwai wani layi a cikin bayanan da ke shaƙe shi, kuma hanyar kama shi ɗaya ce. Ta raba gonakin gida biyu. Ta saki rabin farko, ya wuce lafiya lau. Ta saki na biyu, ya mutu. Ta sake raba na biyun, ta sake rabawa. Kowace mutuwa tana cin minti shida kafin ordinatar ta huce ta tashi, kuma Hafizu yana ƙirga mata su da baki. Ana kiran azahar ta rage da gona ɗaya, parsel ɗari bakwai da shida.

Ta sa na'urar ta bi tarihin wannan gonar kaɗai, tana rubuta kowane taki a allo. Rabo Tanko ya fara nomanta. Ya mutu, ɗansa Tanko Rabo ya gada. Ya mutu, Rabo Tanko ya gada. Ya mutu, Tanko Rabo ya gada. Sunayen biyu suka yi ta zubowa, uba yana gadon ɗa, ɗa yana gadon uba, ba tsayawa. Kafin allon ya daskare ta ga lambar layin ƙarshe, dubu goma sha ɗaya da wani abu. Na'urar tana neman mai rai a ƙarshen zuriyar, zuriyar kuwa ta cije wutsiyarta, sai ta yi ta zagaye har numfashinta ya ƙare.

Hafizu ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Sa mata iyaka. In ta ga suna ya maimaita, ta tsaya nan ta wuce gaba."

Aikin layi biyu ne, kuma ta yi shi a kan kwafi don ta gani. Koren zaren ya tafi sumul har ƙarshe. Lis ya fito, gona ashirin da uku marasa magaji, ɗari bakwai da shida tana cikinsu, tunda duk inda na'urar ta tsaya a kan mamaci take tsayawa.

"Shi ke nan," Hafizu ya ce. "Su biyu, duk sun mutu, babu magaji. Buga."

"Shef, mutum ba shi gadon ɗanshi bayan shi kanshi ya mutu. Wani ya zo yas shaida ma ƙungiya akwai magaji bayan Tanko. In babu, mi zai sa a rubuta layi na ukku?"

"Kuskuren hannu ne. Mansura, wata takwas muna hwaɗa musu ordinatar ta hi rajista. Yau in tahi in ce musu ta mutu?"

Ta duba wanda ya shigar da layin. Inusa ne, magatakardan ƙungiyar, a watan Maris. Ta kira shi, wayarsa a kashe. Ta kira matarsa, ta ce yana gona a Tsibiri yana ɗaurin hatsi, ya ɗauki hutun kwana uku, ba ya tafiya da waya saboda kada a dame shi. Ya yi dabara kuwa, don ba a dame shin ba.

Mansura ta rufe ordinatar ta cusa a jaka. Ta roƙi Hafizu ya ba ta zuwa ƙarfe uku. Ya ce ƙarfe uku zai buga abin da ke hannunsa ya kama hanyar Jiratawa, ko tana nan ko ba ta nan. Ba ta tsaya jayayya ba, ta sauka ta tare kabu-kabu.

Hanyar Tsibiri cike take da amalanken shanu ɗauke da dammunan gero, mai babur yana ta kutsawa tsakaninsu, ita kuma tana rungume da jaka tana jin zafin ordinatar a cikinta. Sai da suka tambayi mutum uku kafin suka sami gonar. Inusa yana durƙushe a kan dami, gwiwa ɗaya a sama, yana jan igiyar kaba. Da ya ga ta sauko daga babur da takalmin biro, ya san ba gaisuwa ce ta kawo ta ba.

Ta buɗe masa allon a inuwar gawo. Ya goge hannu a riga, ya karanta, sannan ya kama haɓa.

"Na tuna ta. Wata tsohuwa ce, Ladi, matar marigayi Tanko. Mutanen gargajiya ne, daga ƙauyen bayan gulbi. Ta taho tac ce maigidanta ya rasu, a rubuta ɗanta, shina Jado wajen haƙar zinariya, ita ke noma mishi gonar. Nac ce mata, Inna, mi sunanshi? Sai tak kau da kai. Na tambaya sau ukku. Daga baya tak kwance bakin zane, tam miƙo mini wani tsohon kati, tac ce sunan da ke jikin wanga, shi ne."

"Katin wa?"

"Na kakan yaron mana, wanda yaf fara noman gonar. An mayar mishi da sunan kakanshi. Kin ga ɗan hwari ne, kuma sunan surukinta ne. Kunya biyu ke nan. Ko wuƙa anka sa mata ba ta hwaɗi."

Mansura ta riga ta gane sauran, amma ta bar shi ya ƙarasa.

"Ni kau na rubuta Rabo, sai abinki yak kawo mini Rabo Tanko da kanshi, cikakke. Nid danna. Ke kinka ce muna in suna ya hito mu danna, kak mu rubuta mutum sau biyu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ta soke ta. Ita ta ƙirƙiro wannan sauƙin, har ta yi alfahari da shi ranar da take koya musu. Ta zauna a Sabon Gari ta yanke cewa suna ɗaya mutum ɗaya ne, alhali ita kanta sunan kakarta take ɗauke da shi, kuma har yau mahaifinta bai taɓa kiranta da shi ba, Uwani yake ce mata. Kunya ta kama ta, amma babu lokacin jin ta. Agogon wayarta ya nuna uku da kwata.

Ta kira Hafizu. Ya ɗauka, tana jin ƙarar mota. Ta faɗa masa akwai magaji, yana da rai, a cire ɗari bakwai da shida. Ya ce ya riga ya aika wa shugaban ƙungiya lis ɗin ta waya tun ƙarfe uku, suna can suna yanka takardu. Ya ce kuma shi ba zai tsaya gaban mutum ɗari biyar ya ce lis ɗinsa da kuskure a kan maganar da aka ji a gindin gawo ba, in akwai gyara a yi shi gobe. Ta ce masa gobe babu gyara, ya fi kowa sani. Sai layin ya yanke, ko kuma aka yanke shi.

Inusa ya ce ba shi da lambar shugaban a ka, tana cikin wayar da ya bari a gida. Mai kabu-kabun, da ya ji komai, ya riga ya tada babur.

Daga Tsibiri zuwa Jiratawa sai an ratsa Maraɗi gaba ɗayanta. Sun ci karo da manyan motoci biyu sun toshe hanya wajen kasuwa, suka bi lungu, suka faɗa yashi, ta sauka ta tura. Suna fita gari ta ji ana sallame la'asar a wani masallacin bakin hanya. Ba ta taɓa ganin Ladi ba, ba ta san Rabo ba. Abin da ta sani shi ne, in wani ya buɗe waccan takarda, hannunta ne ya ƙwace gonar mutumin da ke can cikin rami yana tsammanin yana da wurin komawa.

An yi taron a filin gaban magaza, ɗakin ajiyar ƙungiya. Maza sun cika tabarmi, mata suna gefe a inuwar bango. A tsakiya akwai tebur, a kansa ƙwarya, a bayansa Alhaji Zakari, shugaban ƙungiyar, dattijo mai farin gemu da ba ya son a maimaita masa magana. Hafizu yana kusa da shi a kujera. An riga an buɗe takarda huɗu. Mutum na biyar, wani ƙaƙƙarfa mai suna Abdulrazak, ya naɗe hannun riga yana matsowa.

Mansura ba ta yi sallama ba. Ta ratsa tabarmin da takalminta, ta ɗora tafin hannunta a bakin ƙwaryar. 

"Alhaji, a gahwarce ni. Cikin huɗun da anka buɗe, akwai ɗari bakwai da shidda?"

Alhaji Zakari ya dube ta, ya dubi Hafizu, wanda ya sami wani abin kallo a ƙasa. Ya duba takardun. "Babu. Ke wace ce, ɗiyata?"

"Ni na gina abin da yah hiddo lis ɗin ga. Akwai kuskure ciki, kuma nawa ne. Gona guda tana da magaji."

Surutu ya tashi. Abdulrazak ya ce shekara shida yana jiran wannan rana, kuma tun safe ake gaya musu na'ura ba ta kuskure, yanzu kuma wace magana ce wannan. Wani ya ce a koma rajista. Alhaji ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce ta yi bayani. Ta yi shi a gajarce: kaka da jika masu suna ɗaya, magatakarda ya danna, na'ura ta ɗauki mai rai ta haɗa da mamaci. Sannan ta juya wajen mata ta tambaya ko Ladi matar marigayi Tanko tana nan.

Tana nan. Wata ƴar siririyar tsohuwa ce da baƙin zane, zaune a can ƙarshe. Ta zo ne raka maƙwabciyarta da ke neman gona, har ta taya ta fatan sa'a. Ba ta san lamba ba, ita dai ta san gonarsu ita ce ta kusa da karyayyen kwalbati. Da aka fahimtar da ita cewa gonar tana cikin ƙwaryar nan tun ɗazu, hannu huɗu sun wuce ta kanta, sai ta dafa bango ta miƙe.

"Ladi," Alhaji Zakari ya ce, "kina da ɗa mai rai?"

"Ina da shi. Shina Jado. Da salla ma ya aiko."

"To dokarmu kin san ta. Mai kawo magaji shi ka hwaɗin sunanshi gaban jama'a, a ji, a shaida. Mi sunanshi?"

Ladi ta sunkuyar da kai. Ta fara kwance bakin zanenta, inda katin yake. Alhaji ya girgiza kai, ya ce katin nan ne ya kawo su inda suke, katin mamaci ne, shi sunan mai rai yake so.

"Alhaji, ni in hwaɗa," Mansura ta yi sauri. "Ita ta ce i ko a'a."

"Ke yanzun ga kinka ce muna kin yi kuskure, ɗiyata. Ba ki san yaron ba, ba ki taɓa ganinshi ba. Shaidarki ba ta ci."

Ya tambaya ko akwai wani namiji daga gidan Tanko. Babu. Maƙwabciyar ta ce ita Baƙo ta san ana ce da shi, tun yana goye, ba ta taɓa jin wani suna ba. Abdulrazak ya ce rana na tafiya, in babu suna a bar shi ya sa hannu. Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, shi ma yara gare shi. Alhaji ya ce zai jira gwargwadon abin da mutum zai sha ruwa.

Mansura ba ta ɗauke hannunta daga ƙwaryar ba. Tana kallon tsohuwar, tana ganin leɓunanta suna motsi ba sauti. Shekara talatin da ɗaya matar nan tana kewaye wannan suna. Ta kira yaron Baƙo, ta kira shi wancan, ta kira shi mai sunan baba, ta yi masa faɗa, ta yi jinyarsa, ta raka shi tasha, ba ta taɓa bari ya fito daga bakinta ba. Yanzu ga dattawa, ga surukai, ga baƙi.

Ladi ta ɗago. Ba ta dubi kowa ba.

"Rabo," ta ce. "Rabo ɗan Tanko."

A hankali ta faɗa, amma har na bayan fili ya ji. Sai ta ja zane ta rufe fuskarta, kafaɗunta suka fara rawa. Matan da ke kusa suka kau da kai don su ba ta sutura. Wani tsoho a tabarmar gaba ya ce shi ya san Rabo na farko, tare suka haƙa magudanar nan, kuma ya tuna an mayar da sunansa. Da ma ya yi wannan tunawar minti biyu da suka wuce.

Alhaji Zakari ya juye ƙwaryar a tebur. Shi da kansa ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya yana leƙawa a ɓoye cikin tafinsa, har ya sami wadda yake nema. Ya yaga ta biyu ya sa a aljihu, ya mayar da sauran, ya girgiza, ya ce wa Abdulrazak bismilla. Hafizu ya matso kusa da Mansura, ya karɓi jakarta ya riƙe mata.

Ta zauna a dakalin magaza ta ɗora ordinatar a cinya. Ta buɗe sabon mutum a rumbun. Tana rubuta harafi huɗun farko, abin nata ya miƙo mata kakan, cikakke, yana jira ta danna. Ta ture shi, ta ƙarasa sunan da yatsunta, ta ɗaura shi a ƙarƙashin Tanko a madadin kakan. Sannan ta cire iyakar nan ta layi biyu ta saki lis ɗin yadda yake. Koren zaren ya wuce rabi, ya wuce inda yake mutuwa, ya kai ƙarshe. Gona ashirin da biyu. Ba ta ji daɗin da ta zata za ta ji ba. Na'urarta ta faɗi sunan nan sau dubu goma sha ɗaya ba abin da ya dame ta, ga wadda ta faɗe shi sau ɗaya can ta kasa buɗe fuska.

Inuwa ta faɗo a kan allon. Ladi ce, idanunta jajur, tana leƙen rubutun da ba ta iya karantawa.

"Ɗiyata, an rubuta?"

"An rubuta, Inna. Shi kaɗai, da wurinshi daban."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon allon. Sannan ta ɗaure katin a bakin zanenta, ta ja ƙullin da haƙori.

"To ki riƙe shi da kyau," ta ce. "Ba ni sake hwaɗi."